Motar Iri da Igiyoyin Kaba

Bana zafi bai yi wa kowa sauƙi ba a Tawa. Tun da hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kuma kullum la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, sannan ya watse ya bar mu da gumi. A irin wannan yammacin na tarar da autata Ramatu a ƙarƙashin rumfa, kwamfuta bisa cinya, tana ta tsaki. Daga jami'a ta zo hutu, can Yamai take karatun lissafin kwamfuta.

Na ce, "Ke da wa kike faɗa?"

Ta ce, "Da hatsi, Baba."

Na jawo kujera na zauna. Ta ce cikin kowace ƙwayar hatsi akwai wani dogon rubutu na halitta, wanda shi ke sa wani iri ya jure fari, wani ya kasa. Na'urar da ke karanta shi ba ta iya karantawa a jere. Guntu-guntu take fitar da shi, barkatai, sai dai wutsiyar wani guntu takan zama daidai da kan wani. Aikinsu shi ne a sami layi ɗaya mafi gajarta wanda kowane guntu yake kwance cikinsa ba a yanke shi ba.

"To, ba kwamfuta ce ba? Ta gwada mana."

"Baba, in guntayen suka yi yawa, ko ta shekara dubu tana gwadawa ba ta gamawa. Har yau ba wanda ya san hanyar samun amsa mafi kyau da sauri. Shi ya sa muke neman dabarar da ke ba da amsa ta kusa, kuma mu iya tabbatar da iyakar nisanta da mafi kyau. Mafi sauƙinsu ita ce a ɗauki guntu biyu da suka fi hawa kan juna, a haɗe su, a sake nemo wasu biyun, haka haka har a ƙare. Mai haɗama muke ce mata."

Ban san lokacin da na miƙe ba, har hulata ta faɗi.

"Wannan ai mun yi shi! Wallahi mun yi shi, da igiyar kaba, a filin lakwal, makarantarmu!"

Ta dube ni kamar zafin ya taɓa mini kai. Sai na ɗauki hulata, na kakkaɓe, na ba ta labarin da zan ba ku yanzu.

Damanar tamanin da huɗu, hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Ko kara mai kirki ba a samu ba. Kafin a ankara shanu sun fara faɗuwa a hanyar arewa, warinsu iska na kawowa har cikin gari. Maza suka watse bida, wato neman kuɗi, wasu kudu, wasu bakin teku, aka bar mata da tsofaffi da yara. Sojoji ke mulki a lokacin, kuma suka ba da umarni a tattara mutane a bakin tabkuna da rijiyoyi masu ruwa, a yi noman rani. Tsofaffin da ba su taɓa ganin ganyen salati ba suka koyi cinsa da gishiri suna yamutsa fuska. Gari guda sai ka tarar ya kasu uku: wasu a wannan tabki, wasu a waccan rijiya, wasu a bukkokin tabarma a gefen Tawa.

Ni a lokacin saurayin malami ne, ina koyar da lissafi a kwaleji, kowa na ce mini Mushe Idi, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Matata Hajo ɗinki take yi da keke. Gidanmu ɗaki biyu ne, amma dangina na Kalfu sun cika shi har zaure. Da asuba Hajo ta fara da anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗacin tsiya da ake jiƙawa ana ta sauya ruwa kafin su ciwu. Ta tsiyaye ruwan jiya, ta zuba sabo, ta ɗanɗana ɗaya ta tofar. Gari na wayewa ƙanwata ta tafi layin mangaza, ɗakin ajiyar gwamnati, karɓo jar dawar taimako, ba ta dawowa sai rana ta take. Tuwon dawar nan ja wur yake, ka ci ka ƙoshi, kafin ka wanke hannu yunwa ta dawo. Yanzu jikokina in an ba su hura sai sun tambayi ƙanƙara. Mu a shekarar, hurar hatsi labari ce da ake ba yara.

Sai azumi ya faɗo cikin tsakiyar bazara. Kunun jar dawa da asuba, kunun jar dawa da magariba. Da azahar mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. A aji ina rubutu a allo sai in ji tim, ɗalibi ya zame daga benci.

Cikin wannan hali wata safiya Sarjan Abdu ya shigo lakwal. Dogo ne, baƙi, ba ya dariya, shi kumandan, sojan da ke mulkin gari, ya ɗora kan sha'anin rabon abinci. Yara suka yi tsit. Ni ma gabana ya faɗi, don a wancan zamanin soja ba ya zuwa wurinka da alheri sau da yawa.

Ya ce, "Kai na mai lissahi?"

Na ce ni ne.

"Taho."

A bakin mangaza ya nuna mini buhuna jibge, ya kwance bakin ɗaya. Irin hatsi ne, mai saurin nuna, fari tas. Na tsoma hannu har wuyan hannu, sanyinsa ya ratsa ni, na ji idona ya kawo ruwa. Gefe ga kamyo guda, tsohuwar motar kaya, da direbanta Garba kwance a ƙarƙashinta yana ɗaure wani abu da waya. Ga kuma ƴan gangunan man gazuwal, waɗanda ido ɗaya ya isa ya ƙirga.

Sarjan ya yi mini bayani. Dole a maida mutane garuruwansu da iri kafin ruwan farko. Mota ɗaya ce, mai kuwa abin da na gani ne, ba ƙari. Kowace ƙungiya tana da tata tafiyar: a ɗauke su a inda suke, a bi ta inda suka bar tsofaffinsu ko kayansu, a sauke su a gonakinsu. Kuma likita ya kafa sharaɗi, wanda ya hau mota ba a yawo da shi. Da jarirai da tsofaffi a bisa buhuna cikin wannan rana, in aka kauce da su neman wasu, gawa za a sauke. Ke nan tafiyar kowace ƙungiya sai ta fito cikakkiya, a jere, cikin doguwar tafiyar motar.

"In anka yi ma kowa tahiya tashi daban, man ba ya kai rabi. Ka samo muna hanya guda."

Ni fa, Allah ya gani, daɗi ya kama ni. Ina jin yunwa, ina azumi, amma na koma lakwal kamar in yi gudu. Abin a fili yake. In wata ƙungiya za ta bi Afala, Takanamat, Tebaram, wata kuma Takanamat, Tebaram, Bambay, ai ba sai an yi tafiya biyu ba. Afala, Takanamat, Tebaram, Bambay, an gama da su duka. Abin da ya rage kawai a san wa zai bi wa. Na ɗauki alli na ce bari in gwada kowane jeri in zaɓi mafi gajarta. Ƙungiya uku, jeri shida. Huɗu, ashirin da huɗu. Biyar, ɗari da ashirin. Na ci gaba ina ninkawa, allo ya cika, na koma bango. Ƙungiyoyinmu kuwa sun kai wajen ashirin. Da na hango girman lambar sai na zauna a benci ina dariya ni kaɗai. Ko duk mutanen ƙasarmu ta Adar sun bar komai sun zauna gwaji har ƙarshen rayuwarsu, ba su taɓa gefenta ba.

Garba direba ya leƙo ta taga, hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi bangon, ya dube ni.

"Mushe, ka samu?"

"Na samu cewa ba a samu."

"To dubi gawon can."

Na duba. Babban gawon filin lakwal ya fara zubar da ganye. Duk ɗan Adar ya san gawo da rani yake ganye, in ya fara tuɓewa damana ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Washegari wakilan ƙungiyoyin suka iso, kamar yadda kumandan ya aika a kira su. Na jera sunayen garuruwa a allo, sai na ga ba abin da ya yi musu. Yawancinsu ba su karanta boko, kowa tsoron kada a cuce shi yake, gardama ta kaure da Hausa da Buzanci. Da na koma gida ina tunani, idona ya faɗa kan buhun ƙyallayen Hajo, ragowar ɗinki na shekara da shekaru.

"Hajo, ara mini buhun ga."

"Ƙyallayena? Da su nika yi ma yara faci!"

"Zan maido."

"Ba ka maidowa, na san ka. Ɗauki."

Matan bukkokin gefen gari suka tuƙa mana igiyoyin kaba. Kowane gari muka ba shi ƙyallensa: wannan ja, wancan fari, wani shuɗi, wani atamfa mai zanen tsuntsu. Kowane wakili aka ba shi igiya, ya ɗaura ƙyallayen garuruwan da zai bi, a jere, daga inda za a ɗauke shi zuwa inda za a sauke shi. Nan take gardama ta mutu, don kowa yana riƙe da tafiyarsa a hannu, yana ganinta.

Da sanyin safiya muka shimfiɗa su a inuwar gawo. Na riga na yanke shawara a raina cewa na bar neman mafi kyau, tunda ba a samunsa kafin ruwa. Na ce musu, "Duk ƙyallen da ya hau kan ɗan'uwansa, hanya ce da mota ba za ta maimaita ba. Ku nemo mini igiya biyu da wutsiyar ɗaya ta fi dacewa da kan ɗaya. Da su za mu fara."

Ai sai filin ya rikice. Tsofaffi masu gemu suna ja da igiya suna zagaya juna kamar yara a dandali. Wani ya yi ihu, "Ga tawa! Biyu sun hau!" Wani ya ce, "Kauce, mu uku gare mu!" Masu ukun su ne Malam Sule, wani liman mai sanyin murya, da Inna Tamo, wata tsohuwa gajera mai faɗa, wadda ta zo a madadin garinsu don mazan duk sun tafi bida. Igiyar Malam Sule ta ƙare da ja, fari, shuɗi. Ta Inna Tamo ta fara da ja, fari, shuɗi. Na ɗora su, na ɗaure, matan da ke kallo suka rangaɗa guɗa. Daga nan muka bi masu biyu, sannan masu ɗaya. Igiyoyi suna raguwa, waɗanda suka rage suna ƙara tsawo. Mutanen da suka kwana da yunwa suna tafa hannu, suna tsokanar juna. Har Sarjan Abdu na gani ya durƙusa yana gyara wani ƙulli.

Kafin rana ta yi tsaka muna da igiya ɗaya doguwa, ta fita daga inuwar gawo har bakin aji, tana ƙarewa da ta Inna Tamo. Garba ya bi ta a hankali da ƙafa, yana taɓa kowane ƙyalle, yana faɗin inda yashi yake da inda dutse yake, yana auna mai a ransa. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai ya ce, "Shina kai mu. Da ƙyar, amma shina kai."

Aka sake guɗa. Sai dai akwai mutum ɗaya da bai tafa ba. Alkasum sunansa, Buzu ne daga arewacin Takanamat, fuskarsa a naɗe cikin rawani da ya koɗe. Dabbobinsu sun ƙare kaf, an ba su ƙasar noma kusa da wata rijiya, garin farin ƙyalle. Tafiyarsu zagaye ce: su tashi daga rijiyar, su yi arewa su kwaso mata da yara da suka bari a warwatse, su dawo. Igiyarsa tana hannunsa, ba ta kama kan doguwar ba, ba ta kama wutsiyarta ba.

Garba ya auna, ya girgiza kai. In sai an gama da kowa sannan motar ta koma wofi ta ɗauke su, man ba zai kai ba.

Sarjan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Su jira wani man."

Kowa ya san ba wani mai da zai zo kafin ruwa. Alkasum ya fara naɗe igiyarsa a hannu, a hankali. Ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Raƙuma sun mutu, na ce to. Anka ce in riƙe kalme in yi noma, na ce to. Ɗiyana suna can ƙarƙashin icce. Su ma in ce musu to?"

Na karɓi igiyar daga hannunsa, na bi doguwar da ita ina gwadawa a kowane ƙulli, gumi na shiga mini ido. Sai da na zo kan ƙullinmu na farko, wanda aka yi wa guɗa, na tsaya cak. Igiyar Alkasum ta fara da fari, shuɗi, daidai da ƙarshen ta Malam Sule. Ta ƙare da ja, fari, daidai da farkon ta Inna Tamo. Wurinta a tsakaninsu yake! Ƙullin da muka fi murna da shi, shi ya rufe mata ƙofa.

"Sarjan! Garba! Ku zo ku gani! In muka kwance nan mun saki uku, amma mun kama biyu ta nan, biyu ta can. Huɗu ke nan!"

Da na zo nan a labarin, Ramatu ta buga cinya ta ce wannan shi ne sanannen raunin mai haɗama: takan cafke babba ɗaya ta rasa matsakaita biyu da suka fi shi in an haɗa. Ta ce duk da haka masana sun tabbatar layin da take bayarwa ba ya wuce ƴan ninki kaɗan na mafi gajarta, kuma aikinta shi ne neman dabarar da za ta matso kusa fiye da haka. Na ce mata mu ba mu san da wata tabbatarwa ba, kuma wuyar tamu ba a lissafin take ba.

Wuyar ita ce Inna Tamo. Garba ya sake bin igiyar ya ce haka man zai iya kaiwa, ko ya ƙare a bakin garin ƙarshe. Amma mutanen Inna Tamo, da suke zaune a garin jan ƙyalle, mota za ta wuce ta gabansu ba ta ɗauke su ba, ta yi arewa, sai ta zagayo. Su ne dama na ƙarshe, ga shi an ƙara musu jira, kuma tsakaninsu da gida akwai ƙorama da in ta kawo ruwa ba mota mai haye ta.

Na durƙusa gabanta na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Ta murza ƙyallen da ke kusa da ita. Sarjan ya buɗe baki zai ba da umarni, ta ɗaga masa hannu ba ta ko dube shi ba. Ta juya wajen Alkasum.

"Kai, ɗiyan naka, manya na ko ƙanana?"

Ya sauke tafin hannunsa daidai gwiwa. Ya ɗaga shi kaɗan. Sannan ya haɗa hannu biyu a ƙirji kamar mai rungume da jariri.

Ta yi tsaki mai tsawo. "Kwance ta, Mushe. Amma ni ka hwaɗa ma mutanena da bakina, ba soja ba. Gaba zan zauna."

Haka kuwa aka yi. Muka loda iri, wakilai suka hau bisa buhuna, Inna Tamo ta zauna tsakanin Garba da Sarjan, ni ina baya da doguwar igiya naɗe a kafaɗa. Malam Sule ya ce matafiyi yana da sauƙi a azumi, amma kusan ba wanda ya sha, don ruwan da ke cikin salkuna na yara ne da na injin.

Ba zan manta tafiyar nan ba. Ƙarfen mota ba ya taɓuwa. In muka hau tudun dabagi duwatsu su girgiza mu har haƙora, in muka sauka yashi ya riƙe ƙafafun motar, kowa ya diro, a haƙa, a shimfiɗa faranti na ƙarfe, a tura ana kabbara. A kowane zango mutane sun ɗaure kaya suna jira tun kafin mu iso. Wasu su hau, gaba kaɗan wasu su ƙaru, can wasu su sauka da buhunansu, motar ba ta taɓa tafiya wofi ba. Duk garin da muka wuce sai in kwance ƙyallensa in sa aljihu, igiyar tana raguwa ina jin kamar nauyi ake sauke mini. Garuruwan kuwa shiru, ƙofofi toshe da ƙaya, yashi ya hau rabin bango, rumbuna a buɗe ba komai. Amma da mata sun diro sai ka ji gari ya farka, wannan na kiran kaza da ba ta nan, waccan ta riga ta kama shara.

Da muka iso garin jan ƙyalle, mutanen Inna Tamo suka yo gudu da ƙunshi a ka. Ta sa Garba ya tsaya, ta fito ta tsaya bisa matakin mota, ta riƙe ƙofa.

"Ku aje kayanku! Ba yau ba! Akwai jarirai arewa da sunka hi ku matsuwa. Ni na ce, in da mai magana ya yi da ni!"

Wata matashiya ta fashe da kuka, tana nuna gabas inda hadari ya yi gungu. Inna Tamo ta ce, "Na gane shi, ba makauniya ta ba ni. Muna dawowa." Ta koma ta zauna, ta ja ƙofa.

Arewa ba hanya, sai Alkasum a tsaye bisa buhuna yana nuna wa Garba da hannu. Muka sami iyalansu kaɗan-kaɗan, nan ƙarƙashin aduwa, can cikin tantin fata da ya yayyage. Yaran da aka miƙo mini in ɗora, na ɗaga su kamar ina ɗaga ƙwarya. Matar Alkasum ta miƙa masa jaririn, ya buɗe rawaninsa ya sa fuskar yaron a tasa, abin da ban taɓa ganin Buzu ya yi a gaban mutane ba. Da zai sauka a gonarsu, bayan mun zagayo mun kwashi mutanen Inna Tamo, ya je tagar mota ya tsaya. Ya yi mata godiya da Buzanci, "Tanammert, Inna." Ta ce, "Tahi ka yi shibka, kada ka zuba iri da yawa rami guda."

Daga nan tsere ne. Iskar ta juya, ta zo da sanyi da wani ƙanshi da muka kusa mantawa, ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri. Gabas ta yi baƙi ƙirin har ƙasa. Yara a bayan mota suka fara ihu suna miƙa hannu sama. Garba ya taka motar iyakar ƙarfinta, tana kuka tana hayaƙi. Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi, mai nauyi, mai ɗumi. Muna gangarawa ƙoramar na dubi hagu, na hango ruwan yana tahowa, ja, da kumfa da karare a bakinsa, yana gudu kamar an koro shi.

"Garba! Ga shi nan!"

"Na gane shi! Ku riƙe ɗiya!"

Motar ta faɗa yashin ƙorama, ta yi kamar za ta tsaya. Ba wanda ya ba da umarni, duk mai ƙafa ya diro, mata da zani ɗaure a ƙugu, Sarjan da bindiga a baya, muka sa kafaɗa. Ruwa ya taɓa mana idon sawu lokacin da ƙafafun gaba suka kama tudu. Muka haye muna faɗuwa kan juna, muna dariya, muna kuka. Da muka waiga, inda muka tsaya ɗazu ya zama gulbi.

Muna hango rumbunan garin injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Garba ya buga sitiyari ya ce, "Ƙarshenta ke nan, ko ɗigo babu." Ba wanda ya damu. Sama ta buɗe gaba ɗaya. Muka lulluɓe buhunan iri da tamfol, muka ƙarasa da ƙafa cikin ruwa, baki a buɗe. Da magariba ta yi, da ruwan sama na buɗe baki, a tafin hannuna.

Da safe ƙasa ta yi laushi har tsawon hannu. Garin ba maza, ga gonaki da yawa, ga laima ba ta jira. Inna Tamo ta fito da sungumi uku, doguwar fartanyar shuka, ta miƙa mini ɗaya, ta miƙa wa Garba ɗaya. Ta tsaya gaban Sarjan Abdu da na ukun, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai, ɗana, tuɓe takalman ga. Da diddige aka rufe iri."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya zauna a kan kunya ya kwance takalman soja, ya jingina bindiga a gindin magarya. Ɗan birni ne, bai taɓa shuka ba. Mu muna gaba muna sara, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige suna waƙa, ita kuma tana bayansa tana faɗa: "Miƙe layinka! Ina za ka, Makka?" A ranar na fara jin dariyar Sarjan Abdu, wata irin dariya mai ƙarfi kamar ta yaro.

Muka zauna a garin har ƙorama ta janye aka kawo mana mai a bayan jakuna. Safiyar da za mu tashi, Inna Tamo ta ce sai mun bi ta gona. Hatsi ya tsiro, ɗan siriri, kore shar a kan jar ƙasa, layi bayan layi har inda ido ya tsaya. A tsakiya akwai guda da ya karkace, ya yi hagu, ya yi dama, ya kusa shiga na maƙwabcinsa. Sarjan ya tsuguna a bakinsa ya daɗe yana kallo, yana taɓa ganyen da ɗan yatsa.

Inna Tamo ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Karkatacce na, amma ya hito. Tashi ku tahi, rana na yi."